Bangon 'Yan Goro a Tsohuwar Tasha

Abba,

Assalamu alaikum. Ina roƙon Allah ya sa wannan takarda ta same ka lafiya, kai da Kawunka Sule da mutanen gidansa a Ketu. Allah ya tsare ka a inda kake kwana, ya tsare ka a hanyar da za ka kama, ya raba ka da direba mai barci da mugun abokin tafiya.

Innarka ta ce mini ranar Asabar za ka hau mota zuwa Arewa. Ta ce kamfanin da ya ɗauke ka aiki zai tura ku ku bi tsofaffin tashoshin jirgin ƙasa, ku duba abin da ya cancanci a bari da abin da za a rushe. Daga bakinta na ji, domin tun ranar da muka yi cacar baki ka kwashi jakarka ka koma gidan Kawunka, ba ka sake kirana ba. Ban ga laifinka ba. Abu ɗaya ka roƙe ni, in raka ka tsohuwar tashar nan ta bayan kasuwar goro, in nuna maka da hannuna yadda ake bambanta ainihin gini da abin da aka liƙa masa daga baya, kafin ka je ka yi wannan aikin a gaban mutane. Na ce maka ka je ka tambayi littattafanka, ni ba ni da abin nunawa a ƙasar da ba ta ajiye komai. Na faɗa da ƙarfi, a gaban ƙannenka. Bakina bai iya gyara irin wannan ba, shi ya sa na ɗauki biro. Ka yi haƙuri da girman rubutun, idon ne ya soma gajiya.

Ba zan ba ka labarin gida ba, kowa yana nan yadda ka bar shi. Zan gaya maka inda na yi tuntuɓe a wannan aikin, domin shi kaɗai ne gadon da nake da shi mai amfani.

Sunan mahaifina ka ci, amma ba ka riske shi ba. Alhaji Sa'idu farken goro ne. Daga wannan tashar yake loda huhunsa a tarago zuwa Kano. Shi ya sa ni boko a lokacin da abokansa suke masa dariya, har na kai makarantar koyon zanen gine-gine, na sami aiki a sashen da ke kula da gine-ginen jirgi. Ni ne farkon wanda ya sa wando da kwat a gidanmu. Ina tsammanin tun daga ranar na soma kallon unguwarmu da idon baƙo, ban sani ba.

A makaranta an koya mana karanta gini daga gaba, kamar yadda ake kallon hoto. Da aka fara tura ni duba tasha, na tsaya a bakin titi, na ga baranda, na ga bakan ƙofa, na ga jan bulo daga wannan kusurwa zuwa waccan, na koma ofis na ce ginin duka tsara ɗaya ne kuma lafiyarsa lau. Damina na zuwa, ɗakin gefen gabas ya tsage daga sama har ƙasa. Da muka je, sai ga shi bulon siminti ne mara kauri, an shafa masa jan fenti, an ja masa layi-layi don ya yi kama da na asali. Wani ɗan kwangila ne ya ƙara shi shekaru bayan an gina tashar. Allah ya sa babu kowa a ciki ranar. An yi mini dariya a ofis har na ƙi cin abinci a kantin ma'aikata na wani lokaci.

Don haka in kun isa tasha, ka bar abokanka su tsaya a gaba suna ɗaukar hoto, kai ka zagaya baya. Gaba ita ake yi wa kwalliya duk lokacin da babban mutum zai zo, baya kuwa ba mai kula ta, shi ya sa ba ta ƙarya. Ka sa makulli ka kankare tsakanin bulo da bulo. In fari ne mai taushi, yana marmashewa, to farar ƙasa ce, aikin farko ke nan. In toka-toka ne mai tauri har makullin na zamewa, siminti ne, na baya ne. Ka durƙusa ka duba gindin bango, za ka ga ƙananan kafofi a jere, an bar su ne don iska ta ratsa ƙarƙashin daɓe, danshi da gara kada su zauna. In ka ga an toshe su, ka san katakon ciki ya gama yawo ko da fentinsa na sheƙi. Ƙarfen da aka haɗa da ƙusoshi masu zagayayyen kai, waɗanda aka buga da zafi, ya girmi wanda aka yi wa walda. Ginshiƙan baranda kuwa ka ƙwanƙwasa su ka saurara. Na asali rami ne a cikinsu, ta nan ruwan rufi yake sauka. Da yawa an cika su da siminti wai don su ƙara ƙarfi, sai ruwa ya rasa hanya, tsatsa ta ci su daga ciki. Taga ta asali ta katakon loko ce, mai nauyi, mai tsage-tsage don iska, kuma da turakun katako aka haɗa ta, ba za ka ga ƙusa ba.

Sannan ka nemi tagogin sayar da tikiti. Za ka sami ɗaya a gaba, ƙarƙashin inuwa, da faɗi, da ɗan kanta na ɗora hannu. Za ka sami wata a gefe, ƙarama, da sandunan ƙarfe, a inda rana ke duka. Kada ka tsaya kan tagar, ka kalli ƙasa. Daɓen gaban babbar, ta Turawa da manya, yana nan sumul. Na gaban ƙaramar ya lotsa kamar akushi. Ƙafafun mutanenmu ne suka cinye shi. Na yi shekaru ina auna tagogin nan da ma'auni kafin in lura da wannan lotsawar, alhali mahaifina na cikin waɗanda suka yi ta.

Wannan ya kawo ni kan bangon.

A bayan ɗakin ajiyar kaya akwai doguwar katanga da rana ba ta taɓa samu. Nan 'yan goro suke jera huhunsu kafin tarago ya zo, suna yayyafa masa ruwa don kada ya bushe. Kowane maigida yana da wurinsa, kuma yana da alamarsa da aka sassaƙa a jikin bulo da ƙusa ko bakin wuƙa, daidai kan mutum. Irin alamar ce ake zanawa da tawada a jikin huhu. Ɗan dako ba ya buƙatar karatu, in ya ga kibiya a kan kaya sai ya kai ƙarƙashin kibiya. Wani tasa tsani, wani wata, wani kan sa. Ta Alhaji ƙafar kaza ce. Kuma akwai ƙa'ida: in maigida ya rasu ɗansa ya gaji harkar, ba ya canza alama, sai dai ya ƙara ɗan layi a ƙarƙashinta. In ka tsaya a gaban bangon nan, kana iya faɗin gidan da ya daɗe a nan Agege da wanda ya zo jiya, da gidan da ya ƙare babu magaji. Ƙafar kazar Alhaji tana da layi ɗaya a ƙasa, nasa, domin mahaifinsa ne ya fara sassaƙa ta. Ya bar fili a ƙarƙashi. Na san wa ya bar wa.

Wata shekara aka ce wani babba zai zo duba tashoshi, aka ce a gyara. Ni aka ba aikin zagayawa da mai fenti. Yadda ake yi shi ne, abin da za a bari a ɗiga masa fari, abin da za a cire ko a shafe a ɗiga masa ja. Na ɗiga wa ginshiƙai fari, da tagogi, da ƙararrawa, da agogo, da duk abin da ya zo daga Ingila a jirgin ruwa. Da muka zo bayan ɗakin kaya, ogana yana tsaye, ya tambaye ni mene ne wannan zane-zanen. Na sani sarai. A gindin bangon nan na girma ina tsintar goron da ya faɗi. Amma na ji kunyar in ce na gidanmu ne. Na ce ɓarnar 'yan kasuwa ce, na sa aka ɗiga ja.

Alhaji yana wurin, yana zaune kan huhu da carbinsa. Ya taso a hankali ya ce, "Garba, ai ba ƙazanta ba ce. Sunayenmu ne."

Na amsa masa da Turanci, Abba. Na juya wajen oga na ce tsoho ne, bai fahimci aikin ba. Alhaji ba ya jin Turanci, amma ya ji wannan. Ya koma ya zauna. Kashegari magina suka yaɓe bangon da siminti daga sama har ƙasa, aka shafa farin fenti. Babban da aka yi dominsa bai ma sauka daga jirgi ba, ta taga ya ɗaga hannu.

'Yan dako suka yi ta rikita kaya, aka yi ta faɗa a kan wuri tsakanin gidajen da suka yi shekaru suna maƙwabtaka lafiya. Alhaji bai sake ta da maganar ba har ya rasu. Sai dai daga ranar ya daina tambayata labarin ofis, ya koma tambayata lafiyar iyali kawai, kamar yadda ake gaida suruki.

Na daɗe ina lallashin kaina cewa alamun suna nan a ƙarƙashin simintin, wata rana za a ɓamɓare a same su. Ni da na yi karatun ya kamata in san ba haka ba ne. Tsohon bulo da farar ƙasa numfashi suke yi, suna shan ruwa suna fitarwa. Bangon nan ya sha ruwan goro na tsawon zamani. Da aka rufe masa fuska da siminti, danshin ya rasa mafita, ya tsaya a ciki yana ruɓar da bulon. Da yaɓen ya soma zubowa, da fuskar bulon yake zubowa. Na je na tsinci ɓaraguzan ina juyawa, babu kibiya, babu tsani, babu komai, sai jan gari. Abin da Alhaji ya faɗa gaskiya ne, kuma ko ta fuskar aikin da nake taƙama da shi, abin da na yi kuskure ne.

Inda za ka je za ka tarar da irin wannan. Ba goro ba ne a can, gyaɗa ce da auduga da fata, amma mutanen ɗaya ne. Za ka ga zobban ƙarfe a jikin dandamali inda ake ɗaure dabbobi. Za ka ga guntayen ƙarfen dogo an kafa su a ƙasa an kewaye wurin salla. Za ka ga dutsen bakin ƙofa ya ɗan kwarmashe saboda wasa wuƙa. Kamfaninku abin da Bature ya gina zai tambaye ka, domin shi ke cikin littafi. Kada ka ɗiga ja a kan abin da ba ka san amfaninsa ba sai ka tambayi tsofaffin wurin. Wanda ka sani kuwa, wanda ya fito daga irin gidanku, shi ne ka fi zama cikin haɗarin shafewa, domin ranar za ka ji kana son oganka ya ga kai ba irinsu ba ne. Ka lura da wannan jin in ya taso maka. Kuma ko me ya faru, kada ka amsa wa dattijo da harshen da ba ya ji.

Bayan wannan na koma ɗaya gefen, na zama mai son tashar fiye da kima, kamar in biya abin da ba ya biyuwa. Lokacin jirage sun ragu, ciyawa ta fito tsakanin dogo, ofishinmu ya zama wurin hira da karanta jarida. Ba mai sauraron maganata. Sai wata rana wani mutum ya zo da jif, da farar riga, Turancinsa mai santsi, ya ce shi mai son tarihi ne, an ce masa ni ne na san ginin. Ban tambaye shi daga ina ba. Yunwar a saurare ni ta yi mini yawa. Na yini ina zagayawa da shi. Na nuna masa wace taga ce ta loko, wace ce kwaikwayo. Na goge masa gindin ginshiƙi ya ga tambarin maƙerar da ta zuba shi. Na nuna masa ƙararrawar tagulla, da babban sikelin awon kaya, da ƙarafan ado na saman baranda. Yana ta gyaɗa kai yana cewa irina ƙasar nan ke buƙata. Na dawo gida ranar har Innarka ta tambaye ni ko ƙarin girma aka yi mini.

Kafin shekara ta zagayo, ƙararrawa ta tafi, sikeli ya tafi, tagogi suka bi ɗaya bayan ɗaya. Kuma waɗanda na nuna kaɗai aka ɗauka, na kwaikwayon ba a taɓa su ba. 'Yan bola jari aka ɗora wa laifi, amma ɗan bola jari ba ya zaɓe haka.

Da zan bar aiki, abokai suka kai ni wani gidan cin abinci na masu hali a can tsibiri. Ina zama na ɗaga kai, sai ga tagogina uku a jikin bango, an goge su, an kunna musu fitila ta baya. Na gane ɗaya da wata 'yar ɓalla a kusurwarta da na taɓa aunawa. Na tambayi mai kawo abinci daga ina aka samo su. Ya ce daga ƙasar waje aka yi odarsu.

Ka gane, ranar da ka ce wannan abu tsoho ne kuma na asali, ranar ka nuna wa ɓarawo hanya. Ba ina cewa ka yi shiru ba. Ina cewa kada ka faɗa wa mutum ɗaya a keɓe, komai kyan rigarsa. Ka faɗa a fili, a gaban mai unguwa da limami da masu shayi da matan da ke tuyar ƙosai a bakin tasha, kowa ya ji lokaci guda cewa ƙararrawar nan tasu ce kuma ta girmi kakanninsu. Kuma ka yi hattara da duk wanda ya yabe ka a ranar da kake jin ba wanda ya san darajarka.

Tun daga nan na rufe bakina. Na zauna a bencin ƙofar gida ina zagin gwamnati da 'yan kwangila da 'yan boko da ni kaina. Har yanzu ban janye ko ɗaya ba. Ban yarda kamfaninku zai ceci wani abu ba. Ina ganin za a karɓi rahotonku a yi godiya, katafila ta zo ta yi abin da aka riga aka shirya. Na ga an yi haka sau da yawa. Amma wannan ra'ayina ne, kuma shekaru na yi kafin in kai gare shi. Ba ni da ikon ɗora maka shi tun ba ka fara ba. Da ka zo mini da fuskar nan taka, kana cewa "Baba, don Allah, awa ɗaya kawai," abin da na gani shi ne ni kaina ranar da na fara sa kwat, sai na ji haushi. Ba kai na kora ba ranar, amma kai ne ka fita.

Innarka ta ƙyale ni na wasu kwanaki, sannan ta ajiye mini koko ta ce ni da tashar duk ɗaya muke, an bar mu mu ruɓe, mun ƙi faɗuwa, muna tare wa mutane hanya. Ta ce in ina da sauran abu a kaina in ba yaron, in ba ni da shi in daina cika mata gida da tsaki.

Jiya na tafi. Na hau keke mai ƙafa uku har bakin kasuwa, na ƙarasa da ƙafa. Rabona da wurin tun kafin ka shiga jami'a. An kewaye shi da langa-langa. Mai gadin wani Bazabarme ne daga Nijar, Abdu, ya ɗauka wurin fitsari nake nema, ya nuna mini bayan kwata. Da na yi masa bayani ya yi dariya ya buɗe mini, ya ce tun da ya kama aikin ni ne farkon wanda ya zo ganin wurin ba da buhu a hannu ba. Rufin ya tafi. Ɗakin jira ya zama juji. Amma ƙasan bangon baya yana tsaye da farar ƙasarsa, kafofin iska suna nan, ginshiƙai biyu sun rage, ɗaya an cika shi ɗaya ba a cika ba, za ka iya jin bambancin da kunnenka. Ƙaramar tagar tikiti ma tana nan. Na tuɓe takalmi na tsaya a gabanta.

Da zan fita Abdu ya ce, "Tsoho, in akwai abin da za ka ɗauka da ido, ka ɗauka yanzu. Mako mai zuwa katafila za ta shigo."

Abin da na rubuta maka a nan rabi ne. Ba a koyon taushin farar ƙasa a takarda, sai ta marmashe a yatsanka. Ba zan iya rubuta maka ƙarar ginshiƙi ba. Abin da ya rage a wurin kaɗan ne, amma ya isa darasi ɗaya, kuma ba zai kai ka dawo hutu ba. Ni ma ban san ko idon zai kai ba.

Ranar Juma'a da hantsi zan kasance a can. Na gaya wa Abdu wataƙila wani saurayi zai zo, dogo, mai tabarau, ya buɗe masa. Daga Ketu in ka fito da wuri ka kama motar haya, danfo, ta Oshodi, za ka iso kafin rana ta yi zafi. Ba sai ka gaishe ni ba in ba ka shirya ba, kuma ba sai mun ta da maganar da ta wuce ba. Ka zo da tsofaffin kaya, za ka durƙusa a ƙasa. In ba ka zo ba, ba zan riƙe ka a zuciya ba, na san abin da na faɗa. Zan zauna a gindin bangon har a kira salla.

Allah ya kai ka lafiya ya dawo da kai lafiya. Allah ya tsare ka daga sharrin hanya, da sharrin mutane, da irin girman kan da ya ci mahaifinka. Allah ya sa albarka a idonka da hannunka, ya sa mutanen da za ka shiga garuruwansu su yi maka addu'a bayan ka tafi. Ka gaida Kawunka. Innarka da ƙannenka suna gaishe ka.

Mahaifinka,
Garba